Aikin lab a kan kifi, akwai gaba a ciki kuwa?

'Yar Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san harkar nan ya bani shawara. Ina shekarar ƙarshe a jami'ar Tech (KNUST) nan Kumasi, bayoloji nake karantawa. Ranar nan a tankin sashenmu na ga karfasa mace da 'ya'yanta suna yawo gabanta, ina matsowa sai kawai ta buɗe baki ta kwashe su duka, sai da na ja baya na tsaya cik sannan ta tofo su a hankali. Sati ɗaya zuwa biyu take riƙe ƙwai a baki bata cin komai. Wallahi tun ranar abin bai fita raina ba, inaso in san me ke hanata haɗiye su alhali tana jin yunwa, homon ne (sinadarin da jiki ke fitarwa) ko gado ne a jininta. Matsalar Baba ne, yace duk kuɗin makarantar nan a kifi zai ƙare, ga Mma tana saida kifi a Asafo ba digiri. Akwai aiki a wannan fanni ko in bi likitanci kamar yadda yake so?

Ɗan Nima:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Ni a lab na yi mastas ɗina a kan damuwar kifi, bari in gaya miki yadda ranar take tukuna kafin maganar kuɗi. Da safe ki duba zafin ruwa da iskar cikinsa, ki tsotse kashin da ke ƙasan tanki, ki ba su abinci, sannan ki kunna kyamara ki fita don in kina tsaye gabansu halinsu na canzawa. Bayan azahar ki zauna gaban kwamfuta kina ƙirga sau nawa wannan ya kori wancan, sau nawa ya ciji, sau nawa ya haƙa rami a yashi, bidiyon minti 20 sai ya cinye miki awa biyu. Jini kuma ta wajen wutsiya ake ɗiba, kuma dole cikin 'yan mintuna bayan kin kama shi, in kika yi nawa homon ɗin damuwa, kotisol, ya riga ya tashi saboda kamun da kika yi masa, awonki ya lalace kenan. Don DNA sai ki ɗan yanko gefen fiffikensa ki jefa a kwalbar sifirit, yana sake tsirowa.

Akwai wani kifi na tafkin Tanganyika da ake kira burtoni, Russell Fernald na jami'ar Stanford a Amurka ya daɗe yana bincike a kansa. Namiji mai mulki launinsa na sheƙi, na ƙasa da shi kuwa dishi-dishi kamar mace, yana laɓe-laɓe. A cire mai mulkin, cikin mintuna na ƙasan zai canza launi ya fara korar kowa, a hankali har ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke kula da haihuwa su ƙara girma. Ranar da na fara ganin irin haka a karfasarmu, wanda jiya yake maƙale a lungu yau ya kama rami, tsigar jikina tashi ta yi, na ce Subhanallah.

Wahalar kuma gaskiya akwai. An taɓa ɗauke wuta daren Juma'a janareto bai tashi ba, Litinin na tarar jinin da na tara wata huɗu ya narke a firiza, kuka na yi sosai. Kuma albashin farko ba zai burge Baba ba, kar in ɓoye miki.

Mai Tarwada:
'Yata ki gaida Baba, kice masa wani mai ƙyanƙyasar kifi a gefen tafkin Volta yace masu irin iliminki muke nema ido rufe. Karfasar da ake gasawa a ci da banku yawancinta maza ne, ba haka kawai ba, namiji ya fi saurin girma shi yasa ake haɗa homon na maza a abincin jarirai, miligiram 60 a kilo ɗaya, a basu wajen sati uku zuwa huɗu. A kuskure awo ko a makara farawa sai mata su yi yawa, su cika kandami da haihuwa kifin ya tsumbure. Tarwada ita ma bata saki ƙwai a tanki sai anyi mata allura. Irin da muke kira na Akosombo, masu binciken CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, a can Akosombo ne suka yi shekaru suna zaɓen iyaye har ya fito. Da cuta ta shiga tafkin Volta ƙarshen 2018 kifi na mutuwa keji-keji, ba wanda ya gane mecece da ido, sai da aka kai lab aka gano ƙwayar bairos ce. Mu muna da hannu, amma gwajin nan bamu iya ba.

Hajiyar Sabon Zango:
Malam tsaya, ni maganar homon ɗin nan ce ta tsaya min a rai, kullum ina siya wa jikoki. Ba ya cutarwa?

Mai Tarwada:
Hajiya ki kwantar da hankali, lokacin da ake basu basu kai ɗan yatsa ba, ana dainawa yake fita jikinsu cikin kwanaki, kuma sai sun ƙara watanni biyar shida kafin su iso kasuwa. Wanda ya kamata ya kiyaye shine mai haɗa abincin, safar hannu da takunkumi dole ne, musamman mace mai ciki kar ta taɓa.

'Yar Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Mma duka, tace ai ita ta daɗe tana mamakin yadda bata cika samun ƙwai a karfasar keji ba in tana gyarawa, kuma ita zata yi wa Baba magana bayan isha'i. Yaya Ɗan Nima, in zanyi hidimar ƙasa a wurin ƙyanƙyasa, wanne zan fara koya, ɗiban jinin ko aikin DNA?

Ɗan Nima:
Ɗiban jini, amma ki fara da matattun kifin Mma har hannunki ya san inda jijiyar take, ƙarƙashin ƙashin baya.