Basir, magori da yajin tsire

Abban Khalifa: Jama'a, raina a ɓace yake. Wata 7 Yaya yana ganin jini in ya zaga, yana ta ɗirkar jiƙon wani magori mai lasifika, jarka bayan jarka, har ya fara jiri. Da ƙyar muka ja shi asibiti, wai tsoronsa kar aiki ya kashe masa mazakuta. Ashe jijiyoyin dubura ne suka kumbura saboda taurin bayan gida da yawan yunƙuri. 'Yar roba aka ɗaure abin da ita, ko kwana bai yi a can ba.

Ɗan Rigasa: Wa kake ce wa magori? Kakana shekara 40 yana ba da sassaƙe, babu wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi.

Baffa Direba: Ina zai dawo, mai lasifikar yau yana Kawo gobe yana Kasuwar Bacci?

Ɗan Rigasa: Kakana ba ya yawo, a zaurensa ake samunsa. Ka janye.

Maman Hanan: Ku saurara don Allah. Basir na ciki mataki 4 ne, yawanci sai ya kai na 3 ko na 4 ake zancen yanka. Na farko-farko ruwa da yawa, zogale, wake, da rage daɗewa a masai da waya a hannu. Kuma ba duk jini ne basir ba, kansar hanji ma haka take nunawa.

Baffa Direba: Hajiya, ni dai na san zaƙi da yaji ne. Na bar lemon kwalba bayana ya daina ciwo.

Maman Hanan: Baffa, wannan kujerar motarka ce.

Malam Admin: A bar yaji ya huta. Shekara nawa kuna cin tsirena?

Ɗan Rigasa: Har yanzu ba a janye magori ba. 'Yan Unguwar Rimi kun saba raina mu.

Abban Khalifa: Ni a Tudun Wada nake, malam.

Ɗan Rigasa: Duk ɗaya.

Malam Admin: To, na rufe. Abin da aka tsaya a kai: kalmar magori ta yi nauyi, Abban Khalifa ya ba da haƙuri. Maman Hanan, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ko sau ɗaya ba ta ambaci yaji ba, don haka yaji ya fita. Batun yayansa, Allah ya ƙara sauƙi. Ina bakin titi daga magariba.