Mafarkin duhu ya hana ni sukuni, 'yan'uwa ku ba ni shawara

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Birni, nan Damagaram. Sau huɗu ke nan cikin wata guda ina mafarki iri ɗaya. Sai in gan ni na fito da dare zan tafi Zango gidanmu, duhu ya rufe ko'ina, ko tafin hannuna ba na gani. In laluba tocila in kunna, ta ƙi kamawa. Ina jin muryar maigidana can gaba, amma ƙafafuna sun yi nauyi, kira ma ya ƙi fita. In farka jiƙe da gumi. Shi kuwa wata bakwai ke nan da ya tafi Jado, can cikin saharar jihar Agadas, haƙar zinariya, kwana ashirin rabon da mu yi waya. Uwar mijina ta ce jifa ne. Me wannan ke nufi?

Wata 'yar'uwa daga Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Yaya, ki bi maganar manya. Maƙwabciyata haka ta riƙa gani, sai da aka yi mata rubutu da turare.

Wani malamin makarantar allo daga Garin Malam:
Baiwar Allah, kada ki yi saurin ɗora wa wani laifi. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa mafarki iri uku ne: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, sai zancen zuci, wato abin da mutum ya wuni yana saƙawa. Wadda ta kwana ashirin tana duba waya, ta kwanta da sunan mijinta a baki, ba sai an yi nisa wajen neman inda nata ya fito ba. In kin sake gani, ki yi tofi sau uku ta hagunki, ki nemi tsari daga Shaiɗan, ki juya ɗaya gefen, in da hali ki tashi ki yi nafila. An kuma hana ba da labarin mummunan mafarki. Wannan dai ya riga ya fita, amma ya tsaya nan. Kafin barci, Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi.

Masu buɗe littafin fassarar mafarki su ce duhu ɓata ne ko mutuwa, su yi a hankali. Shi kansa Ibn Sirin na Basra, shahararren mai fassarar mafarki, wanda ya rasu shekara ta 110 bayan Hijira, ana ba da labarin mutum biyu sun zo masa da mafarkin kiran salla: ɗaya ya ce masa zai je Hajji, ɗayan ya ce masa ɓarawo ne. Halin mai mafarkin yake dubawa.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Nauyin ƙafa da muryar da ta ƙi fita, wannan dannau ne, Hajiya. Ƙwaƙwalwa ta farka, jiki bai gama sakin barci ba. Ƙarancin barci da damuwa da kwanciya rigingine suna jawo shi, ga zafin nan da ɗaukewar wuta ana kwana ana juyi. Ki gwada kwanciya ta gefe, ki bar shayi bayan isha'i. In ya kai ba kya cin abinci ko kina yawan kuka, ki zo likita.

Wani direba:
Ni na sha bin hanyar Agadas. Can ciki akwai inda ake yin makonni babu rezon waya ko ɗigo. Ki aika ƙaninki tasha ya tambayi masu saukowa, sun san juna rami-rami.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Malam, gaskiya da wayar nake kwana a ƙarƙashin matashi. Jika biyar ɗin da na ware don turare na ba ƙanina, gobe da sassafe zai leƙa tasha. Yadda zan faɗa wa Inna, uwar mijina, ban je wurin mai maganin ba, shi ne ban sani ba tukuna.