Shekarar da ke jikin mandolin ɗin gwanjo: ta ƙira ce ko ta kamfani?

Mai buɗe zance

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu da suka wuce na ci gwanjon wani mandolin a intanet, wato ƙaramin kayan kiɗan Turawa mai tsirkiya, irin mai ƙoƙon baya, wanda mai sayarwa ya rubuta cewa an ƙera shi a 1887. Da ya iso na haska fitilar waya ta ramin sauti, sai na ga takardar da ke liƙe a ciki tana ɗauke da sunan Suzuki na Nagoya, kuma lallai akwai 1887 a jikinta, amma kalmar da ke gaban shekarar ma'anarta "an kafa". Ashe shekarar da Masakichi Suzuki ya soma sana'ar ƙera gogen Turawa a Japan ke nan. Hoton da aka saka a gwanjon lambar kaɗai ya nuna, ni kuma zumuɗi ya hana ni neman wani. Sautinsa babu laifi, sai dai kuɗin kayan tarihi na biya. Ina roƙon waɗanda suka taɓa faɗawa irin wannan su gaya mana yadda suka gane.

Mai gyaran kayan kiɗa a Amurka

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, ba kai kaɗai ba ne, domin irin wannan takarda ta sha zuwa teburina. Abin da ya fi ruɗa masu kawo mini gyara shi ne shekarar rajistar ƙirƙira. A tsofaffin mandolin na kamfanin Gibson da aka yi a garin Kalamazoo na Amurka, farantin da ke kare fuskar kayan daga ƙarce yakan ɗauki ranar 30 ga Maris, 1909, jakin da tsirkiya ke hawa kuma, irin wanda ake ɗagawa da saukewa, yakan ɗauki 18 ga Janairu, 1921. Waɗannan ranaku abin da suke faɗa kawai shi ne ba a yi wannan sashe kafin lokacin ba, domin an ci gaba da buga su shekara da shekaru.

Wani dattijo ya taɓa kawo mini nasa yana rantsuwa cewa na 1909 ne. Na nuna masa ɗan murfin da ke kan kayan, wanda ke rufe sandar ƙarfen da ake ɗaurewa don miƙe wuya, na ce masa Gibson bai fara saka wannan sanda ba sai farkon shekarun 1920. Ya daɗe yana shafa murfin da babban yatsa bai ce uffan ba. Daga baya lambar da ke cikin kayan ta gaskata maganata, ya kuma tafi da murna, don kayan wancan zamani ba su da arha.

Ina kuma duba kusoshi. Kusa mai kan gicciye, wadda ake kira Phillips, ba ta shiga masana'antu ba sai tsakiyar shekarun 1930. Amma a yi hattara, domin kusa da maɗaurin tsirkiya abin canzawa ne, saboda haka nakan ɗaga farantin maɗaurin in ga ko akwai tsofaffin ramuka da aka toshe a ƙarƙashinsa.

Mazauniyar Italiya

Yallaɓai mai gyara, na ƙaru da maganar ramuka. A nan tamu matsalar ta sunaye ce. Iyalin Vinaccia suna ƙera mandolin a Napoli tun ƙarni na 18, Raffaele Calace, wanda ya rasu a 1934, shi ma a Napoli ya yi suna, Luigi Embergher kuwa a Roma. Saboda martabar sunayen nan, ƙananan maƙera da yawa sun riƙa rubuta "allievo di Vinaccia" a takardunsu, wato almajirin Vinaccia, su ƙanƙanta kalmomin farko, su kambama sunan. A Catania ta tsibirin Sisili kuma an yi ta ƙera masu arha da yawa don kasuwa. Na taɓa kusa saye, har na shiga tayi, sai na ƙirga tsage-tsagen itacen ƙoƙon a hoto na ga 'yan kaɗan ne masu faɗi irin na masu arha, ga adon katantanwa barkatai a fuska kamar ana ɓoye wani abu. Da na nemi hoton takardar gaba ɗaya, sai ga kalmar almajiri a saman sunan, na janye.

Malamin makaranta a Ingila

Hajiya, ina tare da ke, amma ina ganin bai kamata mu ɗora wa kowane mai sayarwa zamba ba. Yawancinsu magada ne da suka tsinci kayan a ɗakin kaka, suka karanta tarihin da ke jikin sunan suka kwafe. Tarihin suna kuwa yakan ɓoye giɓi. Washburn suna ne da kamfanin Lyon & Healy na Chicago ya fito da shi a shekarun 1880, ya sayar wa kamfanin Tonk Brothers a 1928, sunan ya kwanta, sannan wasu mutane daban suka farfaɗo da shi a shekarun 1970 a kan kayan da ake shigowa da su daga Asiya. Haka Epiphone, wanda ya faro daga iyalin Stathopoulo, ya koma hannun masu Gibson a 1957, aka mayar da ƙirarsa Japan a 1970. Ni da kaina na sayi irin wannan daga wata gwauruwa da ta yi imani ya haura shekara ɗari, alhali ɗan tambarin ƙasar da aka ƙera shi yana nan a bayan kai, rabinsa ya kankare. Da na nuna mata, ita ce ta rage kuɗin tun ban nema ba.

Mai gyaran kayan kiɗa a Amurka

Malam, gaskiyarka a kan magada, amma inda kuɗi ya yi yawa ba na kyautata zato. Mandolin ɗin Gibson samfurin F-5 da injiniyan kamfanin, Lloyd Loar, ya sa wa hannu tsakanin 1922 da 1924 yana da tsada don yawansa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma takarda ita ce abu mafi sauƙin kwaikwayo a jikin kayan. Na taɓa riƙe wani mai tsohuwar takarda da aka rina da shayi, amma gam ɗin da ya tsattsafo a gefenta fari ne fat, cikin ƙoƙon kuma ƙamshin sabon katako yake yi.

Mai buɗe zance

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake duba nawa da daddare, na tarar kusoshinsa duka masu gicciye ne, babu kuma wani tsohon rami a ƙarƙashin farantin. Na aika wa mai sayarwar hoton takardar gaba ɗaya tare da fassarar kalmar, ina jiran amsarsa. Kayan dai ba zan mayar ba, domin 'yata ta riga ta fara koyo a kansa.