"Babba juji ne": wa ake faɗa wa, babban ko mai zuba sharar?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum. Jiya bayan sallar isha'i gardama ta kaure tsakanina da kawuna a majalisarmu, kuma har yanzu bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Na soki wani shugaba ne da ya yi gum a lokacin da ake zubar da jini a yankinsa, sai Kawu ya ce in sassauta harshe domin babba juji ne, kuma shirun nan da nake gani shi ne girman. Ni kuwa na ce idan har juji ne, ai a kansa ake zuba shara, don haka bai kamata a hana ni zuba tawa ba. Ya ce na murɗe karin magana don in samu ƙofar rashin kunya. Ina roƙon manya su raba mu.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Babban ake faɗa wa, kuma a lokacin da aka ɓata masa rai ake faɗa, domin a hana shi ramuwa alhali yana da ikon ramawa. Misalin da ya fi kusa da mu a nan Filato shi ne Janar Yakubu Gowon, wanda ya karɓi mulki a 1966 yana da shekara 31. Da aka gama yaƙin basasa a watan Janairun 1970, bayan wata talatin ana fafatawa, yana da damar ya cika gidajen yari ya kafa kotunan ramuwar gayya, amma ya shelanta cewa babu wanda ya ci yaƙi kuma babu wanda aka ci. Wannan shi ne juji a fahimtata. Sai dai Kawunku ma bai yi daidai ba, domin shiru a lokacin fitina wani abu ne daban da haɗiye fushi.

Tsohon Soja:
Allah ya gafarta Malam, yafiyar da ta zo bayan an ci nasara ba ta da wuyar da kuke ɗora mata. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shi wannan Gowon ɗin ne ya fito a ranar 1 ga Oktoba 1974 ya ce alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976 ba zai yiwu ba, kuma bai cika shekara ba aka hamɓarar da shi yana taron shugabannin Afirka a Kampala. Koke-koken da ake yi a kan gwamnoninsa sun daɗe suna taruwa yana haɗiyewa, kuma haɗiyewar ce ta ci shi.

Maman Biyu:
Maganar Baba Soja ta tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Aikin kuza ne ya kawo mijinta Bukuru, kuma ita ce uwargida a cikin mata huɗu. Duk rigimar da ta tashi a gidan, ko ta ranar girki ce ko ta 'ya'ya, ita ake zuwa a ce wa, "Yaya, yi haƙuri, babba juji ne," sai ta haɗiye. A bayan gidan kuwa akwai juji na gaske, wanda masu lambu ke zuwa da jakuna duk rani su sayi tokarsa su kai gona, maigida kuma ya soke kuɗin a aljihu. Tana cewa abin da ya fara ba ta haushi ke nan, domin su ne masu shara da zubarwa, wani ne mai cin kuɗin taki.

Shekarar da aka sallami maigidan daga aiki, gida ya shiga matsi har ana auna tsaba da gwangwani. Ita ta sayar da tasoshinta na aure ta ciyar da gidan wata biyu, kuma ta fara zuba wa 'ya'yan kishiyoyi kafin nata. Duk da haka aka ce tana ɓoye hatsi a ƙarƙashin gado. Ba ta tanka ba. Ana nan sai amarya ta kwashe murhu ta zuba toka da sauran garwashi a jujin, ba wanda ya lura, wuta ta yi kwana uku tana ci ta ƙasa, har dare ɗaya da iskar hunturu ta kama danga ta lashe ɗakin awaki. Da gari ya waye kakata ta tara matan nan ta fito da duk abin da ta haɗiye tun shekara goma sha, ɗaya bayan ɗaya, da ranarsa da wanda ya faɗa. Daga ranar kuma duk wanda ya ce mata babba juji ne, sai ta tambaye shi yaushe zai zo kwasa.

Mai Shayin Terminus:
Hajiya, da kakarku ta tsaya takara da na ba ta ƙuri'ata. Manyanmu na yanzu juji ne kafin zaɓe, har gida suke biyo mu su ce a zuba musu duk abin da ke ranmu. Ana rantsar da su sai ka tarar an kafa allo an rubuta "An hana zuba shara a nan." Akwai wanda rabonmu da shi tun ranar da ya raba mana atamfa da taliya, sai dai mu ji jiniyarsa a hanyar Heipang zai hau jirgi.

Malamin Tarihi:
A mu koma kan magana. Ni abin da na ɗauka a labarin Hajiya shi ne ta ciyar da 'ya'yan kishiyoyi kafin nata, wutar kuwa ganganci ne na amarya.

Maman Biyu:
Malam, ita dai wutar take ba da labari, ba tasoshin ba.

Baƙo daga Nyanya:
Ina ganin akwai ma'ana ta uku da ba a taɓo ba, wato babba ya yarda a ɗora masa laifin da zai iya turawa kan wani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na kama mulki a 2007 cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kuma kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don gyara. A 2009 ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa lokacin da fasa bututu ya durƙusar da haƙar mai, duk da masu cewa ya saka wa masu laifi da alheri. Haka Goodluck Jonathan ya kira Muhammadu Buhari a waya ranar 31 ga Maris 2015 kafin a kammala sanar da sakamako, a lokacin da mutane da yawa a nan Abuja suka riga suka kwashe iyalansu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Tsohon Soja:
To a gaya mini wane ne jujin a watan Mayun 2004, da Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a jihar Filato bayan rikicin Yelwan Shendam, ya dakatar da gwamna ya kawo Janar Chris Alli na wata shida. Sojoji da 'yan sanda a hannun shugaban ƙasa suke, amma a kan gwamna aka juye kwandon. Wasu sun ce matakin ya tsayar da jini, wasu sun ce babban juji ne ya kwashe sharar kansa ya kai wa ƙarami.

Mai Shayin Terminus:
Shi kuma ƙaramin ya kai wa ciyaman, ciyaman ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya zo teburina ya sha shayi bashi.

Ɗan Gangare:
Na karanta wa Kawu duka. Ya ce Malam ya goyi bayansa, na ce Malam ya ce bai yi daidai ba, sai ya ce wannan ɓangaren ni na ƙara. Yanzu tambayarsa ɗaya ce ga Hajiya, wai bayan gobarar nan wa ya ci gaba da karɓar kuɗin tokar?

Maman Biyu:
Ku gaishe shi. Maigidan ne dai, har ya rasu.