"Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi": gatse ne ko goyon baya?

Ƴar Bukoki: Salamu alaikum. Jiya aka yi cacar baki a gidanmu nan Yamai. Yayata ta yi fushi da mijinta, ta daina gaisawa da danginsa, har sunan ɗiyar ƙanwarsa ta ƙi zuwa, alhali su ke tsaya mata duk sanda ya ɓata mata rai. Inna ta dube ta ta ce, "Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi." Yaya ta ce shi ke nan, Inna ma ta yarda ta san abin da take yi. Ni kuwa na ji kamar faɗa aka yi mata. Wa ke da gaskiya?

Malamin Wadata: Wa alaikumus salam. Gatse ne, ɗiyata. Innarku cewa take ta je ta gani. Kuma ko addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba.

Ɗan Adar: Malam, a gafarce ni. Mu a Tawa tsofaffi na faɗin ta in mutum ya yi abin da ya ɗaure wa kowa kai, ma'ana a ƙyale shi, akwai abin da ya taka.

Jikar Hajiya: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙan ta. Ƙauyenmu yana wajen Buza. Kakanmu ya dawo daga cin rani a Abijan, bai yi wata ba ya ƙara aure. Ya kawo mata kayan faɗar kishiya, turamen atamfa har da tasoshi, ta tura su ƙarƙashin gado, ba ta ɗinka ko ɗaya ba har gara ta ci. Ta yafe girkinta, ta ja zana tsakaninta da amarya. Sai ga yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari. Amarya na da dangi a Ƙwanni, suna aiko mata da ɗan garin rogo. Kullum sai ta jiƙa ta aiko da kwano, kakata ta mayar da shi a rufe. Babana yana yaro, yunwa ta sa ya riƙa zagayawa bayan zana yana ci a ɗakin amarya. Ya girma yana ce mata Inna, uwar da ta haife shi kuwa sai gaisuwa daga bakin ƙofa. Wannan ya fi auren ci mata rai, amma ko sau ɗaya ba ta kira shi ta ce zo ka zauna ba.

Ƴar Bukoki: Wayyo Allah. Sun shirya kuwa?

Jikar Hajiya: Da ciwon ajali ya kama ta, amaryar ce ta yi jinyarta. Tana karɓar koko, ba ta cewa an gode.

Ɗan Adar: To kun gani, ta riƙe mutuncinta har kabari. Wataƙila a wurinta shi ne kuɗin tokar.

Maman Biyu: Wane mutunci, ɗanta ya koma na wata? Amma ku maza kun tsallake wanda ya fara ƙyasta ashana. Shekaru tana noma tana riƙe gida yana Abijan, tukuicinta kishiya.

Sarkin Shayi: Ni dai waɗanda na san sun san kasuwar toka su ne masu kwana a jam'iyya ɗaya su wayi gari a wata. Kuma rumbun talaka suke cinna wa wuta, nasu na nan cike.

Ɗan Katako: Hahaha, har da wanda ya yi mana alkawarin kwalta, yanzu ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa unguwar.

Malamin Wadata: Jama'a, a dawo kan magana.

Maman Biyu: Mu dai mata mun san toka na da amfani, da ruwanta ake miyar yakuwa in babu kanwa.

Ɗan Adar: Yawwa, ashe dai tana kuɗi.

Ɗan Katako: Ni a ganina ma "haushin kaza huce kan dami" ya fi dacewa da yayar nan, tunda mijin ne ya yi laifi, danginsa ke shan hukunci. Malam, ko shi ma gatse ne?