Yaya ake neman tallafin naƙasassu a majalisar gunduma a Ghana?

Ɗan Zangon Kumasi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan da ƙanena ya yi hatsarin babur aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa, kuma tun daga lokacin bai iya komawa aikin ginin da yake ciyar da iyalinsa da shi ba. Ya taɓa koyon ɗinki yana yaro, yanzu yana so ya koma wa sana'ar. Mun ji cewa akwai kuɗin da ake ware wa naƙasassu a majalisar gunduma, saboda haka na je ofishin sau biyu. Zuwan farko aka ce jami'in ya fita, a na biyu kuma wani mutum ya tare ni a bakin ƙofa ya ce in ba shi na goro ya shigar da sunan. Ban ba shi ba, amma na dawo gida ban san inda zan dosa ba. Shin albashi ne ake biya duk wata, kuma waɗanne takardu ake nema?

Tsohon Malamin Makaranta ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa ƙaninka lafiya, kuma ka yi daidai da ka hana wancan mutumin, domin neman wannan tallafi ba a biyan ko kwabo a kansa. Sai dai ka cire batun albashin wata daga ranka. Tsarin mulkin 1992 ya tanadi asusun bai ɗaya na majalisun gundumomi, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, kuma daga kason kowace majalisa ake cire na naƙasassu. An fara da kashi 2 cikin 100, daga baya aka ɗaga zuwa kashi 3. Ana bayar da shi ne don buƙata takamaimai, kamar jarin sana'a, kuɗin makaranta ko koyon aiki, magani, da kayan taimako irin su keken guragu da sandunan dogarawa.

Ƙofar shiga ita ce sashen jin daɗin jama'a na majalisar da ƙaninka yake zaune a ƙarƙashinta, ba wadda ta fi muku kusa ba. Ya fara yin rajista a matsayin mai naƙasa, sannan ya rubuta wasiƙar neman tallafi, ya haɗa da kwafin katinsa na shaidar ɗan ƙasa (Ghana Card), hotonsa, takardar asibiti, da takardar farashi daga shagon da ke sayar da abin da yake so. Kwamiti ne yake tantancewa, kuma a cikinsa akwai wakilin ƙungiyoyin naƙasassu. Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne kada wasiƙar ta ce kawai "a taimaka mini". Tunda ƙafar dama ce babu, ya rubuta a fili cewa keken ɗinki mai lantarki ko na hannu yake buƙata, domin yanzu sun fi sayen kayan su miƙa maimakon ba da tsabar kuɗi, kuma idan bai fayyace ba yana iya samun na takawa wanda zai wahalar da shi.

Uwar 'Ya'ya daga Nima ta amsa:

Malam ya faɗi gaskiya, amma zan ƙara abin da na gani da idona lokacin da na nema wa 'yata, wadda ba ta ji. Kuɗin ba ya sauka daga gwamnatin tsakiya a kan lokaci, saboda haka jiran yana da tsawo, kuma a cikin jiran ne takardu suke ɓacewa. Tawa wasiƙar ta farko haka aka ce ba a gan ta ba, na koma gida ina kuka. Da na sake kaiwa sai na yi kwafi biyu, na roƙi a buga mini hatimi da kwanan wata a kan wadda zan riƙe. Ɗan'uwa, ka tafi da ƙaninka da kansa ko da sau ɗaya, kuma ku ba da lambar wayar da take aiki, domin mu sai da suka zo gida suka ga halin da muke ciki kafin sunanta ya fita. Ya kuma shiga ƙungiyar masu naƙasar gaɓoɓi ta yankinku, saboda su suke fara jin ranar da kwamiti zai zauna.

Ma'aikacin Jinya ya amsa:

Kada a haɗa wannan da LEAP, shirin gwamnati na ba da tallafin kuɗi, wanda aka fara a 2008. Shi ne ake biya duk bayan wata biyu, amma na gidajen da ke cikin matsanancin talauci ne, kuma a ɓangaren naƙasa waɗanda ba sa iya kowane aiki ake dubawa. Idan kun je, ku tambayi jami'in jin daɗin jama'a batun katin inshorar lafiya kyauta, domin ta ofishinsu ake tantance marasa hali.

Ɗan Zangon Kumasi ya sake rubutawa:

Malam, Hajiya, da kai ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Takardar asibitin tana hannun mahaifiyarmu. Gobe zan shiga kasuwa in karɓo takardar farashin keken lantarki, ranar Litinin kuma mu tafi tare da shi da kwafi biyu.