Da gaske baƙi na kaɗa ƙuri'a a zaɓen Amurka?

Sani_Tela:
Assalamu alaikum. 'Yan Rifablikan na cewa waɗanda ba 'yan ƙasa ba na yin zaɓe a Amurka, 'yan Dimokurat kuma na cewa zuƙi ta malle ce. Ga shi kuma an ce wasu garuruwa sun yarje wa baƙi su yi zaɓe. Masana, ina gaskiyar take?

Malam Ilu:
Wa'alaikumussalam. Zaɓe iri biyu ake cakuɗawa, Malam Sani. Na tarayya, wato shugaban ƙasa da 'yan majalisa, dokar 1996 ta haramta shi ga duk wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zaman dindindin. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 1, wanda kuma ya yi ƙaryar zama ɗan ƙasa don a yi masa rajista zai iya shan shekara 5, ga kora daga ƙasar.

Zaɓen gari daban ne. Takoma Park a jihar Merilan ta buɗe wa baƙi ƙofa tun 1992. San Faransisko ta amince a 2016, amma iyayen yara kaɗai, a zaɓen hukumar makarantu. Birnin New York ya yi tasa dokar a 2021, babbar kotun jihar ta soke ta a Maris 2025.

Hajiya Kulu:
Bari in ƙara a kan alƙaluma, don a nan ake wasa da hankalin mutane. Sakataren jihar Jojiya, wato jami'in da ke kula da zaɓe a jihar, Brad Raffensperger, ɗan Rifablikan ne, ya binciki rajistarsu a Oktoban 2024: baƙi 20 cikin sunaye miliyan 8.2. Karolaina ta Arewa ta samu 41 da suka kaɗa ƙuri'a a 2016, cikin ƙuri'u wajen miliyan 4.8.

To ina ake samo dubban da ake yayatawa? Daga gwama rajistar zaɓe da kundin ofishin lasin tuƙi. Mutum ya karɓi lasin yana baƙo, bayan shekara uku ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa ya yi rajista bisa ƙa'ida, amma kundin lasin bai san an yi ba. Kwamfuta sai ta zaƙulo sunansa. Haka ta faru a Teksas a 2019: aka shelanta sunaye 95,000, kwanaki kaɗan aka gano dubbai daga ciki 'yan ƙasa ne, kotu ta shiga, sakataren jihar David Whitley ya bar kujerarsa. Duk adadin da kuka ji, ku tambaya: waɗanda ake zargi ne, waɗanda aka tabbatar, ko waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar?

Garba_Lissafi:
Hajiya, gaskiya ne, amma kada a share ɗaya ɓangaren. Fom ɗin rajista na tarayya ba ya neman takardar shaida. Ka yi alama a akwatin "ni ɗan ƙasa ne", ka sa hannu bisa rantsuwa, ka ba da lambar lasin ko lambobi 4 na ƙarshen lambar inshorar zamantakewa (lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa don aiki da haraji), shi ke nan, kuma baƙo mai izinin aiki na iya mallakar su duka. A jihar Oregon a 2024 an gano kuskuren ma'aikatan lasin ya shigar da sama da mutum 1,000 da ba su nuna shaida ba cikin rajistar zaɓe. Irin wannan ɓarakar ce ta sa Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin SAVE, mai neman a nuna takardar shaidar zama ɗan ƙasa kafin rajista, a Yulin 2024, ta sake amincewa a Afrilun 2025.

Hajiya Kulu:
Malam Garba, ɓarakar tana nan, ban musa ba. Maganin ne nake ja da shi, don an riga an gwada shi. Jihar Kansas ta tilasta nuna takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kamar fasfo ko takardar haihuwa, daga 2013, aka tsayar da rajistar sama da mutum 30,000, akasarinsu 'yan ƙasa. Da aka je kotu a 2018, baƙi 39 kawai aka iya nunawa sun shiga rajista cikin shekara 19, aka soke dokar. Matar da ta ɗauki sunan mijinta ma takardar haihuwarta ba za ta dace da lasinta ba. Ni dai na fi ganin a gyara ofishin lasin, a kuma tantance kowane suna da kundin shige da fice kafin a goge shi.